KADA MU YAR DA KAZAR GIDA

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu girma, ina roƙo ku ba ni hankalinku kaɗan bisa wata magana wadda za ku ga kamar ba ta kai a ɓata tawada dominta ba, watau maganar kaza da 'yan tsakinta.

Dalilin wannan rubutu shi ne taron da ƙungiyarmu ta manoma ta yi ran Asabar ɗin da ta wuce. A nan aka kawo shawara cewa a sayar da kajin gidan nan da mu ke kiwo bayan ɗakin girki, a haɗa kuɗin da na asusu, a sayo 'yan tsakin inji guda 100. Da aka ce masu so su ɗaga hannu, sai na ga hannuwa sun tashi kamar karan dawa, ba wanda ya rage sai ni da mutum biyu, su ma ɗayansu barci ya ke yi. Na miƙe in yi magana, harshe ya sarƙe mini, gama ni ba gwanin taro ba ne. Tun daga ran nan wasu su ke kirana Sarkin Kajin Tursa. To, na karɓi sarautar. Amma tun da ya ke Malamin Gona ya ce ba za a zartar da kome ba sai bayan hutu, abin da baki ya kasa faɗi bari alƙalami ya gwada.

Ni mutumin Tursa ne, cikin ƙasar Raba, gabas da Sakkwato. Kafin a kai ni makarantar boko na yi shekara huɗu ina zuwa makarantar allo daga ɗakin kakata, kuma aikin da aka ɗora mini kullum, in na dawo daga karatun safe, shi ne buɗe akurki da cika kasko da ruwa. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma abin da na koya a wurinta game da kaza, da na zo nan na buɗe littattafan Turawa, sai na tarar da rabinsa a ciki, an sake masa suna kawai.

Bari in fara da ba masu shawarar nan gaskiyarsu, don kada a ce son zuciya ya rufe mini ido. Kazar gida ba ta ƙwai da yawa. A shekara ta kan yi kamar 40 zuwa 60, cikin zubi uku, alhali kazar gidan gona mai ƙwai, in ta sami abinci da kulawa, ta kan kusa 300. Ƙwan kazar gida ƙanƙane ne. Zakaran gida ya kan yi wata biyar ko shida kafin ya isa yanka, alhali kazar nama ta inji cikin mako 6 ko 7 ta isa. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Wanda ya ke da jari, da ɗaki mai rufin kwano, da kuɗin buhun abinci ko wane mako, da kasuwa kusa, ya yi kiwon kajin inji, Allah ya ba da sa'a. Birane kamar Kano da Kaduna ba za su ƙoshi da ƙwai ba in ba da irin wannan kiwo ba.

Amma fa mu tambayi kanmu, mu su wane ne, kuma don me aka ajiye gona a kwaleji? Ba don mu ci riba aka ajiye ta ba. Mu malaman makarantun ƙauye za mu zama. In mun fita, wani za a tura shi Rara, wani Gandi, wani Acida, wani can ƙauyukan bayan Goronyo inda mota ba ta shiga da damina. Yaran da za mu koyar, kajin da ke gidajensu su ne irin waɗannan da mu ke shirin sayarwa. In mun fita ba mu san kome ba sai yadda a ke kunna wa 'yan tsakin inji fitila, me za mu gaya wa yaron da ya zo ya ce, "Malam, kazar innata ta ƙyanƙyashe 10, saura 3"?

Akwai kuma wani abu da kazar gida ta ke da shi wanda kazar inji ta rasa, shi ne kwanci. Masu kamfanonin Turai da Amirka da gangan suka yi ta zaɓen kajin da ba su son kwanci, shekara da shekaru, domin kaza in ta kwanta ta kan daina ƙwai, su kuwa ƙwai su ke so. Har ya zama yawancin kajin ƙwai na yanzu sun manta da wannan hali sarai. Sa'an nan kuma su haɗin gauraye ne, 'ya'yansu ba su fitowa daidai da su. Ma'anar wannan ita ce wanda ya shiga kiwonsu ya zama mai saye har abada. In garken ya tsufa tilas ya koma ya sayi wasu 'yan tsaki, waɗanda yawancinsu daga wajen Ibadan a ke ɗauko su cikin kwali, su kwana bisa hanya kafin su iso Sakkwato. Kazar gida kuwa, in ka ba mace guda ɗaya, maƙwabci yana da zakara, shi ke nan ka ba ta garke. Ita ce injin, ita ce fitilar, ita ce kuma mai gadi.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne a ƙasarmu yanzu. Kun san halin da gabashin Sakkwato ya shiga tun daga 2018, shekarar da 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a gundumar Gandi, da abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Gidaje da yawa waɗanda dā a ke ƙirga arzikinsu da shanu, sun wayi gari turke ba kome. Ɓarawon shanu ba ya tsayawa kamun kaza. Na ga mata da idona sun iso garinmu da ɗa a baya, tabarma a ka, kaji biyu uku ɗaure a hannu. Da waɗannan kajin suka sake kafa zama. A sayar da zakara a sayi magani, a sayar da biyar a sayi 'yar akuya. Kaza dai dukiyar mace ce da yaro, ba mai tambayarta in ta sayar.

To, in haka ne, ina laifin ya ke? Me ya sa garken ƙauye ba ya haɓaka? A ganina laifin ba ga ƙarancin ƙwai ya ke ba, ga mutuwar 'yan tsaki ya ke. Bari mu yi lissafi irin na aji uku. Kaza ta kwanta bisa ƙwai 12, ta fid da 10. Aka sake ta da su ran nan ran nan, ta ja su bola, ta ja su bakin rijiya. Shirwa ta ɗauki biyu, raɓa ta kashe ɗaya, ɗaya ya faɗa kasko, jaki ya taka ɗaya, yunwa da zawo suka kwashe biyu. Saura uku. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ban yi ƙari ba. Yanzu a ce mun tsare takwas maimakon uku, ba mu sayi sabuwar kaza ba, ba mu sake iri ba, ashe mun ninka arzikin gidan fiye da sau biyu. Wannan shi ne ilmin da na ke so mu koya a gonar kwaleji, kuma ba ya koyuwa sai da kaza mai kwanci a gabanka.

Aikin ya kan fara tun daga zaɓen ƙwai. Ba ko wane ƙwai ya cancanci a sa wa kaza ba. A bar mai tsaguwa, da mai ƙazanta, da ƙanƙane ƙwarai, da mai siffar banza. Kada a wanke shi da ruwa, gama akwai wani siririn shafi bisa ɓawon wanda ya ke tsare ƙofofinsa daga cuta, wanki kuwa ya kan tafi da shi. Kada kuma ya wuce kwana 7 a ajiye, iyaka 10. Kakata ta kan sa ni in yi wa ko wane ƙwai alama da gawayi ran da aka yi shi, ta bar guda ɗaya a gurbi don kada kazar ta sauya wuri, sauran ta jera su cikin tukunyar ƙasa bisa yashi mai sanyi, kusa da randa. Ina yaro na ɗauka tsoron ɓera ne. Ashe hikimar ta fi haka. Ƙwai mai zakara, in zafi ya yi yawa, ya kan soma girma tun kaza ba ta kwanta ba, sa'an nan ya mutu a ciki. A ƙasarmu kuwa, inda zafin watan Afrilu ya kan wuce digiri 40 a inuwa, ƙwan da aka bari a gurbi ƙarƙashin rumbu mako biyu rabinsa ya riga ya lalace. Shi ya sa kwancin bazara ya fi kowane yawan baragurbi, mutane kuwa su ce maita ce ko tsawa.

Sai yawan ƙwan. Kwaɗayi ya kan sa a tura wa kaza 15 ko 18. Kazar gida ƙaramar halitta ce, abin da fukafukanta za su rufe sosai 8 ne zuwa 10, babba irin ta Filani ta ɗauki 12. In sun yi mata yawa, tun da ya ke kullum tana jujjuya su, na tsakiya su koma gefe, na gefe su dawo tsakiya, sai sanyin ya zagaya kan dukansu, a rasa har waɗanda dā za a samu.

Gurbi kuwa a yi shi a wuri mai duhu kaɗan, inda sauran kaji ba za su riƙa hawa suna ƙara mata sabon ƙwai ba. Tsohuwar tukunya mai faɗin baki ko fasasshen kasko ya isa. A zuba yashi, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Tokar nan da muhimmanci, domin ƙuma da ƙwarƙwata su ne su kan tayar da kaza daga kan ƙwai tun kwananta bai cika ba. A ajiye mata ruwa da hatsi kusa. Ta kan sauka sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi birgima cikin ƙasa, ta koma. Kada a hana ta, kada kuma a bari ta yi nisa wajen neman abin da za ta ci.

Daga nan sai ƙirga. Kwana 21 ne, ko da ya ke ya kan ɗan ragu ko ya ɗan ƙaru. Na zabuwa 26 zuwa 28, shi ya sa in za a haɗa wa kaza ƙwan zabi da nata, sai a fara sa na zabin da mako guda. Wannan ma wani amfanin kazar gida ne da a ke mantawa. Zabuwa ba uwar kirki ba ce, yawancin zabin da ku ke gani a kasuwar Acida kaza ce ta ƙyanƙyashe su ta rene su. Ran da kazar kwanci ta ƙare a ƙasar nan, zabi ma sun shiga uku.

Akwai wata dabara da ban koya a gida ba, a nan kwaleji na gan ta cikin littafi, na kuwa gwada ta a hutun da ya wuce. Ran kwana na 7 zuwa na 10, da dare, ka ɗauki tocila, ka naɗe takarda a bakinta, ka ɗora ƙwan a kai. Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, da wani ɗan baƙin abu a tsakiya yana motsi. Wanda ba zakara kuwa haske zai ratsa shi fes. Sai a cire shi, don kada ya ruɓe ya fashe ya ɓata sauran. Da na nuna wa kakata ta daɗe tana duban ɗan abin nan yana motsi cikin ɓawo, ta yi ta salati, sa'an nan ta ce in mayar maza kada ya huce. Ni kaina, wallahi, jikina ya yi sanyi. Mun karanta a makarantar allo cewa Ubangiji shi ke fitar da mai rai daga abin da ba ya motsi, amma ban taɓa ganin abin a tafin hannuna ba sai daren nan. Ina ganin ba darasin halitta da za mu koya wa yara da alli wanda zai kai wannan.

Ran ƙyanƙyasa a bar kaza ta yi aikinta. Yara su kan so su taimaki tsako su ɓare masa ɓawo, wannan kuwa kisa ne, domin sau da yawa bai gama janye ƙwanduwar cikin cikinsa ba, jijiyoyin ma ba su bushe ba. Ƙwanduwar nan ita ce guzurinsa, da ita zai iya kwana biyu ba ci. Sabo da haka ba gaggawar ba shi tsaki, ruwa ya fi gaggawa.

Yanzu mun iso inda a ke yin hasarar, watau mako huɗu na fari. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito, shi ya sa masu inji su kan hura musu wuta har wurin ya kai kamar digiri 33 zuwa 35 a makon fari, su riƙa ragewa mako mako. Uwa ta ɗauke mana wannan wahala, ba gawayi, ba kananzir. Abin da ta kasa shi ne hankali. Ita yawo ta sani, ta fita tun raɓa ba ta bushe ba, ƙanana suna binta a guje har ƙarfinsu ya ƙare. Maganin abin mai sauƙi ne. A kife ta da 'ya'yanta cikin babban kwando mai tsayi, ko a kewaye musu wuri da zana a rufe samansa da ƙaya ko tsohuwar koma, a inuwa, a riƙa gusar da shi zuwa sabon wuri. Da dare a shigar da su inda muzuru da gafiya da maciji ba su kai. A shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa, wanda a wajen Wurno da Goronyo, inda a ke noman shinkafa rani da damina, zubar da shi a ke yi. Ruwan sha kuwa a kasko marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse.

In ka tsare kaza, to, ciyar da ita ya hau kanka, a nan ne kuma mutane su ke kuskure. Su kan watsa tsakin gero ko dusa kaɗai su ce sun ciyar. Hatsi ƙarfi ya ke bayarwa, amma ba shi ke gina tsoka da gashi ba. Abin da uwa ta ke tonowa a bola, tsutsa da ƙwari, shi ne naman ɗan tsako, in ka hana shi yawo sai ka kawo masa madadinsa. Ba kuwa sai an sayi buhu ba. A daka ƙuliƙuli marar yaji da gishiri, a haɗa da tsaki, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A tattara ɓurɓushin busasshen kifi, wanda masuntan gulbin Rima ba su rasa shi. A shanya ganyen zogale a inuwa a murje. A ƙona ƙashi ko ɓawon ƙwai a daka. Fiye da duka kuwa, gara. A cika tsohuwar tukunya da busasshiyar kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma inda gara ta ke fitowa. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, a ɗaga, za a tarar ta cika. Na yi wannan aiki shekara huɗu, na kuwa sha cizo, amma ban ga abincin da 'yan tsaki su ke rububi kamarsa ba. Sai dai a sa abincin ƙananan a inda uwar ba ta kai, in ba haka ba ita za ta cinye.

In sun yi mako huɗu zuwa shida, gashi ya rufe su, sai a raba su da uwar. Ribar wannan biyu ce, gama kazar da aka bari da 'ya'ya ta kan yi wata biyu ko uku tana jan su ba ƙwai, wadda aka raba kuwa ba ta daɗewa ta ke komawa.

Saura babbar abokiyar gāba. Kowa ya san annobar nan da ke zuwa da hunturu, kaji su yi ta gyangyaɗi, fukafukai a ƙasa, koren zawo, wasu wuyansu ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Turawa suna kiranta da sunan garin Niyukasil na Ingila, inda aka gane ta a 1926, an kuwa tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950. Ba ta da magani in ta kama. Jan barkono da ɓawon maɗaci da mu ke jiƙawa ba su kashe ta, haka kuma ƙwayoyin maganin mutane da wasu ke fasawa cikin ruwa, ɓarnar kuɗi ce, har da illa ga mai cin naman. Amma tana da rigakafi. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke aiki a can tun 1924, tana yin wani iri da a ke kira I-2, wanda asalinsa masana na ƙasar Ostareliya suka fitar domin kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, kuma ba allura ba ne, ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Wahalarsa guda ce, kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, in an buɗe kuwa ba ta ajiyuwa, ga shi mace ɗaya kajinta ba su fi 10 ba. To, wa zai tara kajin unguwa rana ɗaya, ya rubuta sunaye, ya tuna ranar komawa? Ai ba wanda ya fi malamin makaranta dacewa, shi da ke da rajista da yara 40 masu ƙafa. Ga Kwalejin Aikin Gona a Wurno, ga sashen likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba mu rasa inda za mu nemi a koya mana ba. Ya kamata kuma mu koya wa yara cewa kazar da aka sayo a kasuwa, ko wadda baƙo ya kawo, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida, musamman gab da Salla, sa'ad da kaji ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Wani abokina ya ce mini, ai sai a yi tsakiya, a kawo zakarun waje a haɗa da kajin gida. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun zamanin Turawa an gwada raba jajayen zakarun Rhode Island a ƙauyuka a karɓi na gida, ba ta kuwa zauna ba, domin baƙon zakara ba ya jure abin da ɗan gida ya ke jurewa. Ban ce kada a gyara iri ba. Masana na Shika, kusa da Zariya, sun fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown a 2000, na jami'ar aikin gona ta Abekuta kuma sun fitar da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018, da jinin kazar gida suka gina ta. Madalla da su. Amma ku duba, da kazar gida ta ƙare, da me za su yi ginin? Gyaran masani dabam, gaurayen ganganci dabam. Yanzu kajin nan da a ke kira Noiler sun cika kasuwanninmu, suna da girma, ba laifi a yi kiwonsu don yanka. Sai dai in aka saki zakarunsu cikin gari, aka yanka na gida don sun fi ƙanƙanta, bayan 'yan shekaru za a nemi kaza mai zama bisa ƙwai kwana 21 a sha wuya.

Kajin namu ma ba iri ɗaya ba ne, ko da ya ke mun raina su har ba mu kula. Akwai kazar Filani mai tsawo da nauyi, wadda a ke samu a rugage. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, uwa ce ta ƙwarai. Akwai mai gashi a birkice, da mai wuya ba gashi wadda yara ke yi wa dariya. Wannan ta ƙarshe, rashin gashin nan shi ke sa ta fi sauran jure zafi, har manoman Faransa suna kiwon irinta da gangan, suna sayar da namanta da tsada. A Ingila tun 1973 aka kafa ƙungiya don tsare tsofaffin irin dabbobinsu, bayan sun farga wasu sun riga sun shuɗe. Su da suka ƙago injin sun koma suna neman abin da suka yar, mu kuwa namu yana bayan ɗakin girki muna neman mai saye.

Ga abin da na ke roƙo a gaban Malamin Gona da shugabannin ƙungiya. In an ga lalle sai an sayo na inji, a sayo 50 maimakon 100, a yi musu wuri can nesa. Kajin gidan nan kuwa a bar su, a ƙara musu kazar Filani biyu da mai wuya ba gashi ɗaya, a bar zakara guda ga kaji 8 ko 10, a riƙa sauya shi daga wani gari ko wace shekara don kada jini ya yi kusa. A raba mu biyu biyu, ko waɗanne biyu a ba su kaza ɗaya da littafi ɗaya, su rubuta ƙwai nawa aka sa, nawa suka fito, nawa suka kai mako takwas, da abin da ya kashe sauran, da ko kwabo nawa aka kashe. Masu kajin inji su ma su rubuta nasu, had da kuɗin gawayi da na buhu. In shekara ta zagayo a karanta littattafan biyu a gaban taro, a buga su a wannan jarida. In lissafi ya kā da ni, zan miƙe in faɗa da bakina, ko harshe ya sarƙe.

Kaji biyun Filanin kuwa kada asusu ya damu da kuɗinsu. Akwai wata ruga yamma da garinmu inda kakata ta saba da matan, zan zo da su cikin kwando ran da muka dawo hutu, in Allah ya yarda.